Ƙofa ta Hamsin da Uku

A Oulu, ƙarfe uku na rana duhu ya riga ya shigo.
Na jingine kekena cikin ƙanƙara, na karkaɗe takalmi,
na hau hawa na huɗu, inda Pentti ya bar mini kujerarsa
da littafinsa mai shuɗin bango, da tabon kofi a shafi na tara.

Shekara goma sha ɗaya yana yi da hannu.
Duk sabar da aka haifa shi ke raɗa mata suna,
ya kai ta gaban mai raba kaya, ya ce: ga ta,
ka riƙa leƙa ta duk daƙiƙa goma.
In ta yi shiru sau uku, sauke mata kaya,
in ta amsa sau biyu a jere, aza mata.

Yanzu sun kai arba'in da biyu, hannun kuwa ɗaya ne.
Wata Laraba yatsa ya zame,
hamsin da uku ta juye talatin da biyar.
Mai raba kaya ya yi ta ƙwanƙwasa bango,
ya gaji, ya ce wannan ta mutu.
Wata bakwai tana Kajaani da ranta da lafiyarta,
tana shan wuta, tana jiran mai tambaya,
ko kare bai leƙo ba.

Wannan mai sauƙi ce.
Ta Kemi ce ta hana ni barci.
Ka taɓa ƙofa, ta buɗe. Lafiya? Lafiya lau.
Amma tambaye ta ina kantin maganin Raahe yake,
sai ta zuba maka ido, ba lamba, ba adireshi.
Haka mahaifina ya yi wa likita har kaka ta wuce:
ba komai, ba komai,
yana dafe da gefen tebur.

Sai na zauna na rubuta umarni.
Layi ɗari da tara, rabinsu na goge.
Na daina yarda da gaisuwar bakin ƙofa.
Na dasa suna ɗaya wanda na san amsarsa,
na ce a tambayi kowace sabar DNS wannan sunan,
wadda ta faɗi daidai ita ce mai lafiya,
wadda ta yi murmushi kawai, a ba ta hutu.
Jeri ɗaya, wuri ɗaya, lamba ɗaya,
sabuwa ta zo, umarnin ya gan ta, ya ɗaura mata awo
ba sai wani ya tuna ba.

Aatos ya karanta yana tauna burodin hatsi.
Ya ɗora yatsa a layi na sittin: Saimi,
in tambayar ce ta karkace fa?
Pentti sabar ɗaya ya binne da rai,
ke za ki binne arba'in da biyu kafin kofi ya huce.
Na yi shiru. Na ƙara layi huɗu:
in fiye da rabi suka kurmance lokaci guda,
mai tambaya ya fara duba bakinsa,
kada ya kori kowa, ya tashe ni.

Ƙarfe biyu na dare muka sake shi.
Fitilu suka yi kore ɗaya bayan ɗaya,
ta Kemi ta yi ja, ta tsaya a ja.
Ban taɓa murnar ganin ja haka ba.

Da safe na kira Pentti a Hailuoto.
Ina jin iska, ina jin ƙarfensa yana dukan ƙanƙarar teku
kafin ya ɗaga ƙafa.
Na ba shi labari duka. Ya daɗe bai ce komai ba.
Ta Kajaani fa?
Na ce tana ɗaukar kaya.
Ya ce to.
Ƙarfen ya sake bugawa, sau uku,
sannan na ji takunsa.