Sikelin Tsoho

Shekara talatin da huɗu ina awon albasa
a bakin tashar Tawa,
ba buhun da ya yi mini ƙarya sau biyu.
Yau ga ni kwance a Bilbis, ɓarin jiki ya mutu,
ido da kunne kaɗai suka rage mini na awo.

Ɗana Mantau yana Abijan.
Biyar ga wata waya kan yi kuka:
"Baba, na turo jaka arba'in ta mai jinya."
Barcinsa yake saye da kuɗin nan,
ban ga laifinsa ba.

Na farko Yahuza, farar riga, jaka a kafaɗa,
takardarsa ta lakwal har hatimi biyu.
Kwana tara yana zuwa kan lokaci.
Na goma moto ta lalace,
na sha ɗaya moton dai,
daga nan moton ta koyi mutuwa duk Litinin.
In ya ɗaura mini abin awon jini
yakan rubuta lamba tun iska ba ta sauka ba.
Na ce, yaro, na san wannan,
babban yatsa ne a kan sikeli.

Aka kawo Tsahara don tuwo da wanki.
Hannunta da daɗi, ba zan ci amanarta ba,
sai dai gishirin da lokotoro ya hana
ita ba ta ji an hana ba.
Wata Laraba ta tafi suna Gweben Zogi,
ta aje mini fura taki ɗaya
daga inda hannuna mai rai ke tsayawa.
Taki ɗaya.
Na kalli ƙwaryar tun hantsi har la'asar,
ƙudaje suka sha rabona, ina yi musu bismilla.

Sai Arzika.
Ba riga, ba hatimi,
sharar asibiti ya yi shekara takwas
yana kallon yadda ake juya mai ciwo.
Ba ya karanta ordonansi,
ya je farmasi aka faɗa masa sau uku,
ya dawo ya ɗaura zare a kwalabe:
ja na safe, baƙi na dare,
fari sai an ci abinci.

Kafin ladan ya rufe baki nakan ji takalminsa,
ɗaya yana ja, dunduniyarsa ta cinye.
Yakan ɗuma ruwa, ya gwada da gwiwar hannu,
ya yi mini alwala, ya juya ni gabas,
ya duba bayana da dugadugai ko gyambo na tafe.
In ya sauya mini zane
sai ya kama zancen kokowa, wa ya kayar da wa,
har a gama idonsa bai sadu da nawa ba.
Kunyata yake rufewa, na sani,
shi ma ya san na sani.

Ba waliyyi ba ne.
Warin taba yake, ga surutu,
ya fasa mini buta biyu.
Ran da ɗiyarsa ta kwana da zazzaɓi bai zo ba,
amma ƙanensa ya zo tun asuba
da zaren nan uku a bakinsa kamar karatu.

Jiya Mantau ya ce ya sami wani ofis a Yamai
masu aiko ƙwararru, da lambar kira ko tsakar dare.
Na ce to, madalla da ofis.
Amma ka tambaye su, wa zai zo ran da aka ɗauke kuran,
ɗaki ya zama tanda,
ya zauna da mafici har hannu ya sage?

Na ji Arzika yana tambayar kuɗin mota zuwa Agadas,
wai ana samun zinariya can arewa.
Mantau, ka ƙara masa jaka goma.
Na aza shi a sikeli wata bakwai,
allurar ba ta yi rawa ba.