Abin da Fenti Ya Rufe

Kuɗin sallamata daga masaƙar Kakuri
shekara tara ina ƙulle da su,
har dillali ya kai ni Kabala:
ciki uku da falo, fenti ɗanye ruwan ƙwai.
Ya ce, "Alhaji, ko ƙusa ba ka sakewa."

Ɗana ne ya dage a kira mai duba gini.
Sai ga Barira, hular kwano bisa mayafi,
tsani a bayan mota, tocila a aljihu.
Na ce a raina, me yarinyar nan ta sani,
ni da na ga ana ɗora bulo
tun ba a haife ta ba?

Ta ƙwanƙwasa bango kamar mai sayen kankana,
ta kasa kunne.
Ta manna wata 'yar na'ura ƙasan taga,
allura ta tashi.
"Baba, kogi ya taɓa kwana a ɗakin nan.
Ga iyakarsa, daidai gwiwarka."

Ta hau silin, ta sauko da gari a tafin hannu,
gara ta cinye katako ta bar masa suna.
Tsagar bayan banɗaki kuwa
ta ce ba ta filasta ba ce,
daga harsashi ta taso.

Dillali ya ce ai boko ne kawai.
Ta ce, "Shekara biyar na yi a Poli,
uku ina riƙe wa na gaba da ni igiyar awo,
jarrabawa sau biyu kafin a ba ni wannan."
Hatimi ne, bai fi gindin kofin shayi ba.
"In na buga shi kan ƙarya, ni kotu za ta nema,
kai kana can kana wani cinikin."

Na biya ta ina jin zafin kuɗin.
Takarda shafi shida, gida ya wuce ni.

Wani ya saya. Har yau yana tsaye,
ba zan yi masa ƙazafi ba.
Amma duk Agusta, in ruwa ya kwana yana zuba,
nakan bi ta layin,
in ga katifu a shanye bisa katanga,
yara na kwalfar ruwa da robar wanki.

Ni ina nan ina haya a Unguwar Sanusi.
Ɗakin kowa na shiga gaisuwa,
sai in kama idona
yana auna gwiwa a jikin bango.