Lambuna da Lambunsa

Ni ne Tasi'u mai albasa, na fadamar Auyo.
Shekara talatin ina kora ruwa komi zuwa komi.
Ɗana Jazuli ya tafi Kano ci-rani,
na ce ya koyo gyaran injin ban-ruwa.
Da ruwan fari ya sauka sai ga shi da sanda,
bakinta ƙarfe, a karkace kamar fartanyar da shanu suka taka,
ya ce, "Baba, ni ma na sami lambu."

Lambun da ba tumatir, ba attaruhu,
ciyawa zalla, a shayar da ita, a yi mata aski,
kuma ba akuyar da za a bari ta ɗanɗana.
Ƙwallon lambu, in ji shi.
Na yi salati, na ci gaba da cin tuwona.

Jaka yake ɗaukar wa wani Bature,
yaro ne ɗan Ingila, Kolin, gemu bai gama fito masa ba.
Ba shi da gona, ba shi da shago,
abincinsa na cikin ramuka goma sha takwas.
Ƙasa-ƙasa yake bi da kuɗin jirgin da ya ranto.
A yi kwana biyu ana bugu, sai a ja layi,
wanda layi ya bari ya naɗe kayansa,
ba sisi, ba sannu.

Na ajiye lomata. Na ce wannan kam na san shi.
Na kai buhu arba'in kasuwar Haɗeja,
na tarar albasa ta faɗi warwas,
na dawo da bashin mai mota da warin ruɓa a rigata.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne lissafinsu:
mai bugu kaɗan ke kayar da mai bugu da yawa.
Mu nan da yawan buhu ake sanin manomi.

Ranar ƙarshe, in ji Jazuli, taku uku ya rage wa Kolin.
Ya durƙusa yana karanta ciyawa
yadda nake karanta gangaren ruwa.
Ƙwallo ta tafi, ta leƙa ramin, ta zagaya bakinsa,
ta ƙi.
Wuyan hannunsa a ɗaure da tsumma tun safe.
Ya cire hula, ya gaisa da wanda ya kayar da shi,
ya zaro sanda guda ya miƙa wa ɗana.

Rani huɗu Jazuli na dukan ƙwallon goriba a saurata.
Ya binne gwangwanin madara, ya kafa kara da ƙyalle.
Ya fasa randar Iya Tabawa, na biya.
Ya fasa ta biyu, ya biya da kansa.

Yanzu wani ke ɗaukar masa jaka.
Bara ya zo na bakwai a wata gasa a Kaduna,
kuɗin ne wannan injin da kuke jin kukansa.
Bana layi ya bar shi sau uku a jere,
ya sayar da agogo, bai faɗa min ba, hannunsa ya faɗa.

Kolin kuwa hannu ya ƙi warkewa.
Yana can garinsu mai sanyi yana koya wa yara riƙon sanda.
Yakan aiko murya ta waya: "Sannu, Baba."
Hausarsa ke nan duka.

Jiya bayan la'asar, da na ga ba kowa,
na ɗauki sandar, na auna goriba, na kai mata duka.
Ƙasa ta tashi ta cika min baki,
goriba na nan inda take, tana kallona.
Na share bakin ƙarfen da habar rigata,
na jingine ta inda na same ta,
na tafi buɗe wa komi na tara ruwa.