Tambayar da Ba Wanda Ya Yi Mini

Wata uku ban ɗaga guduma ba a Panteka.
Ƙarfen da na yanka don murhun Hajiya Tasalla
yana nan jingine, tsatsa na cinsa.
Yaran shago suka ce maigida ya koyi lalaci.
Liman ya ce in yawaita istigfari, na yawaita.
Kawu ya ce sammu ne, ya aiko rubutu a jarka,
na sha, na kwanta, na tashi yadda na kwanta.

Ba ciwon da zan nuna da yatsa.
Tuwo ya koma yashi a bakina.
Ƙarfe ukun dare idona biyu,
ina sauraren janareton maƙwabci har mansa ya ƙare.

Uwani ce ta ce, "Tashi, sa riga."
Ƙanwa ce, amma ranar ita ce babba.
Da kekenmu ya hau gadar kogi
ta damƙe hannuna, ba ta ce uffan ba,
ni ma ban tambaye ta dalili ba.

A asibitin Barnawa na ja hula har gira,
kada ɗan unguwa ya gani ya ce Haladu ya taɓu.
Sai ga malamin makaranta a benci da jaridarsa,
ga mai jego tana jijjiga goyo,
ga soja cikin farin kaya, askinsa ya tona shi.
Ba mari, ba sarƙa.
Layi ne kawai, irin na banki.

Nas Rifkatu, mai tabarau da igiya,
ta jawo takarda. Barci fa? Abinci fa?
Yaushe rabonka da dariya?
Kana jin muryar da wasu ba sa ji? A'a.
Kana shan wani abu don ka manta? Na ce, sau biyu.
Ta rubuta, fuskarta ba ta canja ba.
Sai ta ajiye biro, ta dube ni ido cikin ido:
"Ka taɓa tunanin kashe kanka?"

Fanka na juyawa a sama.
Wata uku ana kauce mini kamar ramin titi,
yau ga wadda ta tsaya ta leƙa ciki.
Na ce eh.
Ƙasa ba ta tsage ba.
"Ka tsara wani abu? Ka sa rana?"
Na faɗa mata abin da ko matashin kaina bai ji ba.
Ta ce, "Na gode da ka faɗa.
Ciwo ne, yana da suna, damuwa mai tsanani,
kuma yana jin magani, kamar hawan jini, kamar suga.
Ba raunin imani ba ne."

Likita ya rubuta ƙwaya, ya ce ba ta da gaggawa,
sai an haɗa ta da haƙuri da zuwa ganinsa,
in dawo Talata ta sama ko da na ji sauƙi.
A bayan kati muka jera lamba uku:
ta Uwani, ta Isiyaku mai walda, ta asibiti.
Uwani ta shiga ɗakina ta kwashe abin da ya kamata a kwashe,
ta kai gidanta ta sa makulli.
Na yi fushi kwana biyu. Ta bar ni da fushina.

Yanzu in duhun ya taso,
yana tasowa kuwa, ban gama warkewa ba,
nakan ja numfashi in ƙirga huɗu, in sake shi sannu,
kamar mai hura gawayi da ba ya son toka ta tashi.
In ambaci abu biyar da idona ke gani:
buta, ƙusa, takalmin ɗiyata, kalandar bara, ƙofa.
In bai lafa ba, in buɗe ƙofar, in kira Isiyaku.
Yakan zo da shayi da rabin burodi, ba ya wa'azi,
gardamar ƙwallo kawai, har a kira assalatu.

Jiya na kankare tsatsar murhun nan.
Ƙafarsa ɗaya ta ɗan karkace.
Hajiya Tasalla ta ɗora tukunya ta gwada,
ta ce a haka ma zai dafa.