Lissafin Mai Yaga Tikiti

Daren ƙarshen Disamba a Balparaiso,
zafi ya gangaro daga tudu har bakin teku.
Baldomero ya kashe injin haska fim,
ya sauko da littafinsa mai bangon leda,
ya ce, "Fresiya, faɗi gwaninki na bana in rubuta."

Ni da ban taɓa kallon fim daga kai har wutsiya ba?
Shekara goma sha tara ina cikin kejin gilashin nan,
ina yaga takarda, ina ƙirga canji.
Rabona sai abin da ya ratso bango:
ƙarar harbi, kukan goge, tsawar da ba ta kawo ruwa.

Amma ina da mudun awona.
Ƙofa ce. Fuskokin masu fita nake karantawa.

Na watan Yuni ya fi,
tsakiyar sanyi, ruwa kamar da bakin ƙwarya.
Mutum bakwai kacal suka shiga.
An ce labarin wata mai gyaran agogo ne
da ta ƙi taɓa na mijinta bayan ya rasu.
Ban ga matar ba, ban ga agogon ba.
Na dai ga Rigoberto mai sauke kaya a tashar jirgin ruwa,
ƙato, wuya kamar turmi,
ya fito ya tsaya gaban tagata
yana cigiyar hularsa, alhali tana kansa.
Kashegari ya dawo da 'yarsa,
wadda shekara uku ba sa ga maciji.
Tikiti biyu. Ita ta biya.

Rubuta wannan.

Wanda aka cika gari da tallarsa kuwa,
mai jirage da gobara, mai layi har kwanar kasuwa,
sun fito kowa na latsa waya,
ana gardamar inda za a ci kifi.
Ko guggurun da suka zubar
ya fi shi daɗewa a zauren nan.

"To, waƙa fa?" Ya lashi bakin fensir.

Akwai wadda motocin haya suka yi ta jibga mana
tun Janairu har kunne ya yi kanta.
Na tsane ta, na tsine mata,
sai ga ni ranar Talata ina wanke tukunya
ƙafata na bin kiɗanta ba da izinina ba.
Kar ka rubuta wannan.

Rubuta ta Hortensiya mai shara.
Waƙar ƙarshen wani fim ce,
irin wadda ke tashi lokacin da sunaye ke hawa bango
kowa na laluben jakarsa.
Harshen ba mu san na wace ƙasa ba ne.
Kwana goma sha ɗaya fim ɗin ya yi, ya tafi,
waƙar ta maƙale a tsintsiya.
Rabi ta kama.
Sauran ta cike da sunayen kulolinta
da na unguwannin da motarta ke tsayawa.
Duk dare, tsakanin layi na huɗu da na tara,
nan muryarta ke karyewa, nan ta fi daɗi.

Waje an fara harba wutar sabuwar shekara,
jiragen ruwa na busa, karnukan titi na amsawa.

Ya rufe littafin, ya soke fensir a bayan kunne.
"Na mai agogon nan yana cikin injin, ban goge ba.
Shiga ki zauna."

Na ce, "Idan na shiga, wa zai duba fuskata in na fito?"

Ya ce, "Ni. Zan sauko in tsaya a ƙofa."

Na kulle akwatin kuɗi.
Na yaga tikiti guda, na miƙa wa kaina.
Ashe kujerun nan ja ne.