Ƙwaya Biyu Kafin Carar Zakara

A Chichigalpa rake ya fi mutum tsawo.
Babana Anselmo kan fita da adda cikin duhu,
da gorar ruwan da ba ta kai shi tsakar rana,
da ƙwaya biyu na ciwon baya
daga shagon Eulalia, inda ake ƙirga su kamar alewa.
Ya kora da baƙin gahawa, ya ce,
"Yau ma na zama ƙarfe."

Shekara goma sha ɗaya haka.
Gumi na tsiyaya, maƙogwaro a bushe,
ƙwaya na lallashin baya,
tana tauye jinin da ke zuwa ƙoda.
Baya mai baki ne, shi muka ji.
Ƙoda ba ta kuka.

Sai ranar da takalmin roba ya ƙi shiga,
fitsari ya ragu, ya yi duhu.
Likita a León ta ce, "Nawa kake sha a rana?"
Ya ɗaga yatsu shida,
yana sunkuyar da kai kamar yaron da aka kama.

Yanzu sau uku a mako muna bin bas,
na'ura ta wanke jininsa awa huɗu.
Ruwan ma da awo yake sha,
shi da ya ƙare ƙuruciya da ƙishi.

Jiya ƙanena Wilmer ya wasa addar.
Na laluba aljihunsa: ƙwaya biyu.
Na cire, na cika masa gora ta biyu.
Ya ce, "To bayan fa, Nohemí?"

Na tsaya da su a tafin hannu
har gari ya waye.