Abin da ke Ƙarƙashin Fiffike

Kafin ƴan garuwa su fara zaga Garin Malam
na isa gidan Inna Barira da akwatin ƙanƙara.
Ta buɗe akurki, ta ce, "Mutari, kama da hankali,
waɗannan ba na yanka ba ne, na iri ne,
su za su cika mini gida baɗi."

Ƙarƙashin fiffike akwai jijiya,
shuɗiya, siririya kamar zaren ɗinkin hula.
Na tsige gashi biyu, na goge wurin,
allura ta shiga, ko kyat ba a ji ba.
Kwalabe huɗu. Na rubuta a jikinsu:
zakara, shekara ɗaya da rabi;
sagara, wata huɗu, ba ta san ƙwai ba;
mai ƙwai, wata goma;
sai Tsohuwa, wadda Inna ta ƙi faɗin shekarunta.

A labo, can bayan duwatsun Birni,
inji ya juya su har jini ya rabu gida biyu,
ja ya kwanta, ruwa ya hau kansa.
Na ɗaga su ɗaya-ɗaya ga hasken taga.

Zakara ja ne ya yi masa yawa,
ya kusa cinye rabin kwalba,
ruwan sama garau, kamar shayin zubi na uku.
Wataƙila shi ya sa yake hawa katanga da asuba
yana zaton shi ke tayar da rana.
Kalsiyom kuwa, allin jiki, daidai cin kansa.
Me zai gina da ƙari?

Sagara jininta duk magina ne a ciki.
Sinadarin ƙashi ya hau yana gaggawa,
ana ɗora tubali kan tubali a ƙwaurinta,
ba a gama soro ba, balle a yi zancen baƙi.

Mai ƙwai ce ta tsayar da ni.
Ruwan jininta ya yi duhu-duhu, fari-fari,
kamar kunun gyaɗa da aka tsinka.
Kitse, furotin, alli ya ninka na zakara.
Hanta na dafa gwaiduwa dare da rana,
jini ke yi mata dako, ba lada, ba hutu.
Da mudun zakara aka auna ta
da an rubuta mata magani.
Ba cuta ba ce. Aiki ne.
Kowa da mudunsa, kowa da watansa.

Tsohuwa na bari a ƙarshe.
Allin na nan yana yawo a jininta,
sai dai ba duka daga tsaba ya fito ba.
Daga ƙashinta ake ranto.
Kowane ɓawon ƙwai bashi ne
da ba wanda ya taɓa zuwa biya,
ga shi yanzu ɓawon ma ya fara laushi,
ana taɓa shi yana lotsawa.

Da la'asar na koma da takarda.
Inna ta ce, "Ajiye lambobinka, faɗa mini da Hausa."
Na ce zakara lafiya lau, a rage masa fankama.
Sagara a bar ta ta gama gininta.
Sauran biyun, a samo ƙashi wajen mahautan Dole,
a ƙona, a daka, a zuba cikin dusa,
ɓawon ƙwai ma kar ya ƙara zuwa juji.

Ta ce to. Ta yunƙura ɗauko turmi,
ta dafa gwiwa, gwiwar ta amsa da ƙara,
ta tsaya kaɗan, tana kallon ƙasa.
Tara ta haifa. Ta shayar da goma,
na goman ni ne.

Na ninke takardar, na sa a aljihu.
Na ce, "Inna, zauna."
Na karɓi taɓaryar.